Malam Sabo Mai Kwanuka, Da Shaidar Mai Ƙyashinsa

Mutanen Kusfa ba sa duba agogo don su san lokacin makaranta ya yi. Da rana ta ɗan ɗaga sai su ji ƙwaram-ƙwaram daga lungun masallaci, su ce Malam Sabo ya fito. Tsohon kekensa ne, da buhu ɗaure a bayan sirdi, cikin buhun kuwa kwanuka ne da ƙananan kwanduna da tsakuwa cikin leda. Baƙo zai rantse dillalin kayan ɗaki ne. Ba ya wuce dattijo bai sauka ya gaishe shi ba, shi ya sa tafiyar da wani zai yi kafin shayinsa ya huce, shi sai ya ninka ta kafin ya isa makarantar al'umma da ke wajen Ƙofar Galadima. In ya isa, ya buɗe wani ɗan ɗaki a ƙarshen baranda, ya yaye zanen da ke lulluɓe da tsohuwar kwamfutarsa, ya share ta, ya danna makunni ya gani ko akwai wuta. Galibi babu. Sai ya yi hamdala kamar an kawo, ya kwance buhunsa, ya jera kwanuka a kan tebur, ya jira yara.

Haka Malam Sabo Yari yake yi tun daga 1989, kuma a ƙarshen wannan zango na 1998 zai ajiye alli. Na ga bai dace mutum irin wannan ya fice shiru kamar wanda ya ci bashi ba. Amma ban je wurin ɗalibansa neman shaida ba, don yabon ɗalibi ga malaminsa ba abin mamaki ba ne. Wurin wanda ya fi kowa jin ƙyashinsa na je, amininsa kuma maƙwabcinsa, Malam Jibril Jumare, malamin lissafi. An ce kishi kumallon mata ne. Wanda ya fara faɗin haka bai taɓa zama a ofishin malamai ba. A zaure ɗaya nake cin tuwo da su biyun, don haka wani abin idona ya gani, sauran kuwa Malam Jumare ne ya ba ni da bakinsa, ya ce in rubuta kada in rage.

A lungu ɗaya aka haife su, a gaban malami ɗaya suka wanke allo, kuma tun suna yara Jumare ne a gaba. Shi ya riga sauka, shi ya riga shiga kwaleji, shi ya je jami'a ya dawo da digiri a lissafi. Sabo kuwa tafireta ya koya, ya zama malamin buga rubutu a makarantar da Jumare ke koyarwa. Jumare na ƙaunarsa ƙwarai, irin ƙaunar nan mai daɗi da mutum ke yi wa wanda ke bayansa. Kullum bayan magariba kowane gida a lungun zai fito da kwanonsa zuwa zauren Jumare, a haɗa a ci tare, abin da muke kira ciyayya. Kowa ya san kwanon gidan kowa. Na gidan Sabo kore ne, mai ɓallin fenti a murfi, kuma tun da Sabo ya yi aure kwanon bai taɓa fashin zuwa zauren ba.

Sai ga kwamfuta. Alhaji Lado, wani attajirin hatsi da 'ya'yansa ke makarantar, shi ya yi tafiya ya dawo da ita ya ba da kyauta, kuma aka ce za a tura malami ɗaya jami'ar da ke Samaru ya koyo ta a dogon hutu. Jumare bai ko yi tambaya ba. Wa za a tura in ba mai digirin lissafi ba? Har ya sa an wanke masa kaftani biyu an goge. Shugaban makarantar, Alhaji Yakubu, ya zagaya na'urar, ya leƙa gaba ya leƙa baya, ya taɓa madannanta, ya ce, "Af, ai wannan tafireta ce aka haɗa da talabijin. A kira mini Malam Sabo."

Ranar Jumare ya yi wa amininsa murna a gaban jama'a, ya riƙe hannunsa ya daɗe bai saki ba. Da ya koma gida ya ga kaftanin nan biyu a rataye, sai ƙyashi ya shige shi, kuma bai fita ba.

Sabo ya dawo da wani yaren kwamfuta da ake kira BASIC, wanda aka yi don masu fara koyo. Ya tarar da aji cike da yara, na'ura ɗaya, wuta kuwa sai ta ga dama. Wani zai zauna ya yi ta ƙorafi. Shi kuwa ya shiga ɗakin uwargidansa ya kwaso kwanuka. Abin da littafi ke kira variable, wato wurin da kwamfuta ke ajiye abu ta sa masa suna, Sabo ya ce kwano ne. Ya rubuta harafi da alli a jikin kowanne. Ya ce sunan kwano ba ya canzawa, abin ciki ne ke canzawa, kuma in ka zuba sabo to tsohon ya tafi, don kwamfuta ba ta san ɗumame ba.

Daga nan ya raba musu iri-iri. Lamba a kwando ake sa ta, ga tsakuwa nan a ƙirga. Rubutu kuwa, suna ko gaisuwa, miya ne, sai kwanon miya, kuma kwanon miya ana sa masa alamar dalar Amurka bayan harafinsa don na'ura ta gane shi. Wanda ya zuba suna a mazubin lamba ya zuba miya a kwando. Akwai kuma kwandon ƙwai, na cikakkiyar lamba, wanda ba ya karɓar gutsure, don ba wanda ya taɓa zuwa kasuwa ya ce a ba shi ƙwai biyu da ɗigo bakwai. In ka matsa masa sai ya cike ya ce uku. Wata rana ya tambaye su lambar waya a ina za a sa ta. Duk suka ce kwando. Ya ce, "To wa ya taɓa tara lambar wayar gidansu da ta maƙwabta? Ku sa ta a kwando ku ga yadda sifirin farko zai zube. Ba duk mai kama da lamba ne lamba ba." Sannan sai ya sa yaro ɗaya ya zama kwamfuta, ya tsaya gaban kwanukan, ba ya yin komai sai abin da layi ya ce, ko da ya ga shirme ne. Ranar da wuta ta zo kuwa, yara sukan zauna gaban na'urar kamar sun daɗe da sanin juna.

Bango ɗaya ne tsakanin ɗakin nan da ajin da Jumare ke koyar da lissafi. Shi ajinsa tsit yake, ko tari sai da izini, kuma da yana alfahari da hakan. Yanzu sai ya tsaya tsakiyar bayani ya ji dariya ta ɓarke a ƙetare, irin dariyar da yara ke yi in sun gane abu. Ya dubi fuskokin nasa ɗaliban ya ga kunnuwansu na can. Ya ce mini ba kwamfutar ce ta fi ci masa rai ba, dariyar ce. Shekara da shekaru yana koyar da harafi mai wakiltar lamba, ba yaron da ya taɓa yi masa murmushi a kai, sai ga mai tafireta da kayan miyar matarsa ya mai da abin wasa. A ofishin malamai shi ya fara kiransa Mai Kwanuka don raini. Sunan ya bi gari, ya koma kirari, abin ya ƙara ƙona shi.

Wata rana bayan an tashi ya leƙa ta tagar ɗakin, ya ga an rubuta a allo: LET K = K + 1. Ya karanta ya sake karantawa. Ya ji wani sanyi a ransa wanda ya daɗe bai ji ba. A lissafi ba abin da zai yi daidai da kansa da ƙarin ɗaya. Bai tsaya ya tambayi amininsa ba, ko da yake da magariba za su sa hannu a kwano ɗaya. Ofishin shugaba ya nufa.

"Ranka ya daɗe, ni ba ƙarar kowa na kawo ba," in ji shi. "Amma yaran nan da za su zauna jarrabawar fita ana koya musu cewa biyar daidai take da shida. Ni da safe in gina, wani da rana ya rushe."

Alhaji Yakubu ya je ya ga allon da idonsa. Shi abin da ya fi tsoro a duniya sakamakon jarrabawa ne. Ya ce, "To Malam Jibril, kai za ka iya riƙe ajin?"

"In an ce in riƙe, ai ba zan ƙi ba."

Kafin la'asar mabuɗin ɗakin kwamfuta na aljihun Jumare, Sabo kuwa an ce ya koma wa tafiretocinsa. Abin nema ya samu. Sai dai tun a hanyar gida mabuɗin ya fara yi masa nauyi, don ya san abin da ya sa a caca. A lungunmu ba a yanke zumunci da baki. In mutum ya yi fushi da kai, kwanonsa ne zai daina zuwa zaurenka, shi ke nan kowa ya gane. Da aka idar da magariba ya zauna yana kallon ƙofa. Kwanon gidana ya shigo, na sauran suka shigo. Rabin zuciyarsa na fata kada koren kwanon ya zo, don ya samu abin cewa, ai ga shi nan, dama riƙo gare shi. Ɗaya rabin kuwa tsoro ya cika shi.

Sai ga sallama. Sabo ne da kansa, kwano a hannu, murmushi a fuska. Ya zauna inda ya saba zama. Aka ci, Jumare na ta tura loma ba ya jin ɗanɗano. Da aka wanke hannu, Sabo ya jawo koren kwanon gabansa.

"Malam Jibril, kwanon wa ye wannan?"

"Wace irin tambaya ce? Na gidanka."

"Jiya me ke ciki?"

"Tuwon dawa."

"Yau fa?"

"Dambu."

"To shi ke nan. Layin nan da ka gani ba cewa ya yi daidai suke ba. Aike ne. Je ka duba abin da ke cikin K, ka ƙara ɗaya, ka mayar ciki." Ya tura kwanon gefe. "Amma wallahi gaskiyarka. A lissafi ƙarya ce tsagwaronta, kuma ni ban taɓa tsayawa na gaya wa yara su bambanta ba. Da sun je sun rubuta maka ita a jarrabawa, da alhakin na wuyana. Ka fisshe ni. Gobe bayan la'asar in wuta ta zo mu shiga in nuna maka inda muka tsaya, kada yara su yi asarar zango."

Jumare ya gane bayanin tun kafin a kai ƙarshensa, don kansa ba na wasa ba ne. Ya so a ce Sabo ya zage shi. Da zagi ne da ya san yadda zai rama. Mutum ka ƙwace masa aji da rana, da magariba ya kawo maka dambu ya kuma ce ka fisshe shi, ta ina za ka kama shi? Ya ce mini daren nan ya gane cewa ba a wajen yara kaɗai Sabo ya riga shi ba, har a wajen hali, kuma wannan ɗin ba kwas ake zuwa a koyo shi ba.

Sabo ya cika alkawari. Kullum bayan la'asar yana zaune gefen Jumare yana nuna masa, bai ɓoye ko ƙwayar zarra ba. A yi gaskiya, ba a daɗe ba Jumare ya wuce shi nesa. Ya rubuta shirin da ke warware lissafin da Sabo ko karanta shi ba ya iyawa, Sabo kuwa ya riƙa zagayawa yana gaya wa malamai su zo su ga abin da amininsa ya yi. A aji Jumare ya hana kwanuka. Ya ce nan makaranta ce, ba gidan biki ba. Ya cika allo da ma'anoni cikin Turanci tsantsa, yara suka kwafe suka haddace kamar karatun sallah, ɗakin ya yi tsit irin yadda yake so.

Wata rana lokacin tara ya bi ta bayan ɗakin tafireta, ya ji muryoyin ɗalibansa a ciki. Suna roƙon Sabo ya fito musu da kwanuka ko sau ɗaya, a ɓoye. Jumare ya tsaya jikin bango yana jiran ya kama shi dumu-dumu. Sai ya ji Sabo na cewa, "A'a. Malaminku ya fi ni sanin abin nan nesa ba kusa ba. Ku koma ku tambaye shi, kada ku ji tsoro, ba ya cizo." Jumare ya bar wurin kamar wanda aka watsa wa ruwan sanyi. Ko laifi ɗaya mutumin nan ya ƙi ba shi.

Ƙarshen zango ya zo da bikin ba da kyaututtuka. Alhaji Lado ya aiko cewa zai halarta, kuma in ya ga yara sun iya sarrafa na'urar da hannunsu zai ƙaro ta biyu. Aka aro janareta, aka fito da kwamfutar tsakar makaranta ƙarƙashin rumfa, iyaye suka cika benci. Jumare ya zaɓi Batulu, 'yar wani marini, wadda ta fi kowa haddar ma'anoninsa. Aikinta kaɗan ne: ta rubuta layukan da za su sa na'ura ta yi wa babban baƙo maraba da sunansa. Sabo kuwa an sa shi lura da janareta, yana can baya inda hayaƙi yake.

Batulu ta zauna, ta gyara mayafi, ta buga. A layin farko ta zuba sunan Alhaji Lado a cikin N. A na biyu ta ce a nuna gaisuwa da abin da ke cikin N. Ta ba da umarnin farawa. Maimakon maraba sai na'ura ta fito da kalmomi biyu na Turanci, Type mismatch, wato abin da aka zuba bai dace da mazubin ba. Ta sake gwadawa, aka sake ba ta amsa ɗaya. Alhaji Lado ya sunkuyo yana tambayar shugaba me ta ce.

Jumare ya ga kuskuren tun daga inda yake tsaye, amma in ya taɓa madannan da hannunsa magana ta lalace, don hannun yara aka ce. Ya matso ya rage murya. "Batulu, duba data type ɗinki. Mene ne string variable?"

Ta miƙe tsaye ta karanto masa ma'anar tiryan-tiryan, ba ta ɓata ko wasali ba. Ta koma ta zauna tana kallon gilashin na'urar, hawaye sun ciko. Ta san ma'anar, ba ta san ita ce a gabanta ba. Wasu iyaye suka fara gyaran murya.

Sai daga can baya, cikin ƙarar janareta, aka ji wani ya yi magana kamar da kansa yake, kamar mai gida ya shiga madafa ya ga ɓarna.

"Kai jama'a, wai wa ya zuba miya a kwando ne?"

Iyaye ba su gane ba, wasu har suka waiga suna neman kwandon. Yara kuwa suka fashe da dariyar nan da Jumare ya sani ta bayan bango. Batulu ta yi dariya da hawaye a fuska, ta sa alamar dala bayan N a layukan biyu, ta ba da umarni. SANNU DA ZUWA ALHAJI LADO, in ji na'ura, da korayen haruffa.

Wuri ya kaure da tafi. Alhaji Lado ya tashi ya kama hannun Jumare da hannu biyu. "Malam, Allah ya yi maka albarka. Ashe haka ka yi aiki a kan yaran nan? Ta biyu na nan tafe in sha Allahu." Shugaba ya dafa kafaɗarsa. Iyaye suka yi layi suna gaishe shi. Ya samu duk abin da ya yi ta mafarki tun ranar kaftani biyu, sai ya ji kamar an sa masa rigar wani. Kayan aro ba ya rufe katara. Ya ɗaga ido ya hango Sabo can cikin hayaƙi, hannu duk baƙin mai, ya fi kowa tafi. Jumare ya ce a rayuwarsa bai taɓa jin haushin mutum irin na lokacin ba, kuma bai taɓa sanin cewa in babu mutumin ba zai iya rayuwa ba sai a lokacin.

Da magariba koren kwano ya zo kamar kullum. Ba wanda ya ta da zancen biki. Da aka gama, kowa na haɗa kwanon gidansa, na ga Jumare ya jawo na Sabo, ya juya mana baya, ya sa wani abu ya rufe da murfi, ya tura masa. Sabo ya ɗaga, abu ya yi ƙara a ciki. Bai buɗe ba.

"Ɗauki kwanonka ka tafi," in ji Jumare, yana kallon bango. "Kuma don Allah kada ka ce komai. In ka gode mini sai mun ɓata."

Sabo ya girgiza kwanon a kunnensa, mabuɗi ya sake ƙara. Ya yi fuskar damuwa. "Ƙarfe a kwanon tuwo, Malam Jibril? Ai na'ura ba za ta karɓa ba."

Jumare ya yi iya ƙoƙarinsa ya riƙe fuska, dariya ta ƙwace masa. Ya yi ta har da tari, yana yi yana cewa, "Ka gani ko? Ka ga abin da nake faɗa? Ko wannan sai da ka fi ni." Washegari shi da kansa ya je ofishin shugaba ya faɗi wanda ya yi maganar kwando, ya ce a mayar wa mai aji ajinsa.

Kada mai karatu ya ɗauka daga ranar ƙyashi ya warke. Ba ya warkewa, sai dai ya koyi zama lafiya. Shekarun da suka biyo baya yara sun yi ta fita daga ɗan ɗakin nan. Batulu yanzu ita ke kula da kwamfutocin wani banki a Kaduna, kuma an ce har yau in sabon ma'aikaci ya yi kuskure takan tambaye shi wa ya zuba miya a kwando. Wasu na jami'a, wasu sun buɗe shagunan buga takardu a Sabon Gari. Duk sallah sai ka ga motoci sun toshe lungunmu. Su wuce ƙofar Jumare, su ce, "Sannu da hutawa, Malam, Malam Sabo na ciki kuwa?" Shi ne ma ke nuna musu gidan. In sun wuce ya juyo gare ni ya ce, "Wancan mai jar motar, ni na koya masa raba lamba. Ka ji ya tambayi lafiyata?" Sabo kuwa ba ya barin su tafi sai ya rako su zauren Jumare ya ce su durƙusa su gaida wanda ya ba su lissafin da suke ci da shi. Jumare ya ce wannan ma wani salon fin ƙarfi ne.

Malam Sabo, yanzu da kai nake. Kai ne aka ba na'ura ɗaya da duhu, ka koyar da gari guda. Kai ne ba ka jira wuta ba, ka haska da abin da ke ɗakin uwargida. Kai ne ka nuna wa 'ya'yan marina da dukawa da masu awo cewa abin da ke cikin akwatin Bature ba aljani ba ne, kwano ne da suna, irin wanda suke wankewa kullum. Kai ne aka karɓe wa mabuɗi da rana, ka kai tuwo da magariba. Mai Kwanuka na Kusfa, rijiya mai ba da ruwa ko ga wanda ya jefa mata dutse. An ce hassada ga mai rabo taki ce, amma kai ba ka tsaya ga cin amfanin gonar ba, sai da ka ɗebi dami ka kai gidan mai takin.

A makon jiya malamai suka zauna shawarar abin da za a yi da buhun kwanukan in ka tafi, tunda yanzu ɗakin na da na'urori da dama kuma an ɗauko matashin malami mai takardar kwamfuta. Wani ya ce a mayar wa uwargida kayanta. Jumare ya buga tebur ya ce ba mai taɓa su, shi zai ɗauka. Ashe tun bara yake aron su ranar da ba ka da aji, yana koya wa 'yan aji ɗaya harafi mai wakiltar lamba da su. Na tambaye shi ko yara na ganewa. Ya ce suna ganewa fiye da da. Na ce suna dariya?

"Suna murmushi," in ji shi. "Rubuta haka. Rubuta cewa kwanukan na hannuna, dariyar na wurinsa. Rubuta cewa ni Jibril Jumare na fi shi lissafi, na fi shi kwamfutar ma, kuma da za a ce in ba da duka a ba ni abin da yake da shi, da ban tsaya ciniki ba. Har gobe ina ƙyashinsa. In ka ga dama ka sa a jarida."

To ga shi na sa. Mun gode, Malam Sabo. Allah ya saka da alheri, ya sa hutun nan ya zama mai albarka, ya ba ka lafiyar cin gajiyarsa. Ku kuma malamai matasa da ke cewa ba kayan aiki, ku leƙa ɗakin iyayenku mata kafin ku rubuta takardar koke. Wanda kuma aka yi wa ƙwace a wurin aiki, ya tuna akwai wanda aka yi wa haka bai fasa kai tuwo ba. Wanda ke jin ƙyashin wani, in ba zai iya dainawa ba, to ya yi irin na Jumare, ya mayar da mabuɗi.

Daga sabon zango mutanen Kusfa za su ci gaba da jin ƙwaram-ƙwaram da safe, sai dai a bayan babur ɗin Jumare, kuma shi ba ya sauka gaisuwa. Da magariba kuwa yana nan zaune a zaurensa yana kallon ƙofa, ba ya sa hannu a tuwon kowa sai koren kwanon ya shigo.